Janar da Giwarsa ta Zinariya

Janar bai taɓa shiga soja ba. Mai aski ne, shagonsa yana tsakanin kemis da rumfar Dogo mai gyaran waya. Sunan ma shi ya raɗa wa kansa ranar da ya fara buga Kwarin Mayaƙa, wani wasan yaƙi da ake yi a waya da mutanen ko'ina. 'Yan layin suka ɗauki sunan don tsokana, shi kuwa ya karɓa da hannu biyu, har ya sa aka rubuta masa shi a saman madubi.

A bakinsa, duk layin babu gwani kamarsa. In ka zauna a kujerarsa, kafin ya gama maka gefe ɗaya ya ba ka labarin yadda ya tarwatsa mutum goma sha biyu shi kaɗai, kafin ya zagayo ɗaya gefen sun zama ashirin. A cikin wasan kuwa da wuya ya yi minti uku a raye. Kullum dai da dalili. Ko sabis ne ya yanke, ko rana ce ta haske masa gilashi, ko wani ne ya yi atishawa a bayansa.

Wanda ya iya wasan da gaske maƙwabcinsa ne, Mai Kemis, mutum mai shiru-shiru da tabarau a karan hanci. Tsakanin mai sayen maganin tari da mai sayen na ciwon kai yake bugawa, kuma bai taɓa kashe ko sisi a kan wasan ba. Da sandar nan da ake ba kowa kyauta yake yaƙi. Wannan sanda ta fi komai ci wa Janar rai, don ta sha sauka a kansa.

Wata Talata da hantsi Dogo ya leƙo shagon yana nuna wayarsa. Ya ce kamfanin zai fitar da kashi na biyu na wasan ran Asabar, kuma duk wanda ya biya tun kafin fitowa akwai tukuicinsa. Mai ƙaramin biya zai sami hula. Mai matsakaici zai sami sulke. Mai babban biya kuwa zai sami sulken zinariya, da takobi mai aman wuta, da giwa.

Janar ya kashe kilifa, ya bar kan kwastoma rabi a aske.

"Giwa ta hawa?"

"Ta hawa. Har da haure biyu."

Mai Kemis, wanda ya shigo aron tsintsiya, ya ce, "Wannan ai ba wasa ba ne kuma, kasuwa ce. Mai kuɗi ya sayi nasara, sauran mutane su zo su cika masa fili."

"To kai maganin naka kyauta kake rabawa?" in ji Janar. "Mai kuɗi ya saya ya warke, ban ji ka ce kasuwa ce ba."

"Magani warkarwa yake yi. Giwa ba za ta warkar maka da yatsu ba."

"Yatsuna lafiyarsu ƙalau. Kayan aiki ne ba ni da su. Ka ba ni kaya ka ga aiki."

"Shekara biyu muna riƙe da sanda iri ɗaya, ni da kai."

"Tawa a lanƙwashe ta zo."

Kwastoman da ke kan kujera ya ce shi dai a ƙarasa masa kansa, amma babu wanda ya saurare shi. Kafin a rufe maganar an ƙulla gasa. Ran Asabar da yamma, a shagon Janar, za a haɗa wayarsa da talabijin ɗin bango kowa ya gani. Wanda ya fara cin zagaye uku shi ya yi nasara. In Mai Kemis ya faɗi, zai tsaya a bakin titi ya faɗa da bakinsa cewa kuɗi ma gwaninta ne. In Janar ya faɗi, za a aske masa gashin baki. Gashin bakin nan kuwa shekara tara yana kiwonsa, yana da ɗan matajinsa na musamman a aljihun gaba.

"Ka yi tunani," in ji Mai Kemis.

"Giwa ce za ta yi min tunanin."

Babban biyan ya fi ƙarfin aljihunsa, amma hakan bai tsayar da shi ba. Laraba ya sayar da kujerar askinsa ta biyu. Alhamis ya ga bai isa ba, ya bi ta da bencin da masu jira ke zama. Daga ranar duk wanda ya zo aski a tsaye yake jira, Janar yana gaya musu cewa likitoci sun gano yawan zama yana lalata ƙashin baya. Wani dattijo ya ce shi bayansa ya riga ya lalace, aka kifa masa bokiti.

A gida ya ce wa matarsa kujera da benci sun tafi gyara. Matarsa tela ce, a ɗakin gaba take ɗinki. Tun da wayarta ta faɗa ruwa kyamarar ta mutu, wayar Janar take ara ta ɗauki hoton samfurin ɗinki da na takardar awon kowace mai kawo kaya. Ta ɗago daga kan keken ɗinki ta dube shi.

"Me ya sami bencin?"

"Yana ƙara."

"Benci?"

"In an zauna."

Ta ci gaba da taka kekenta, shi kuma ya ɗauka ya sha.

Juma'a ya yi ta yawo shago-shago yana gayyata. Ya gaya wa mai faci ya zo da wuri don gaba-gaba za ta cika. Ya gaya wa mai wanki ya taho da hankici na share wa Mai Kemis hawaye. Har giwar ya yi wa suna, Girgizar Ƙasa, tun bai gan ta ba.

Asabar da safe wasan ya fito. Janar ya danna saukewa, wayar ta ce babu wuri. Ya ruga wajen Dogo.

"Sai ka rage kaya," in ji Dogo. "Me da me ke ciki?"

"Tarkace ne."

"Hotuna dubu da ɗari huɗu ne fa. Ka duba tukuna."

"Ni na san wayata. Share."

"Ni dai ba da hannuna ba."

Janar ya karɓa ya share da nasa hannun, har da kwandon shara ya zazzage don wuri ya ƙara samuwa. Wasan ya fara sauka. Ya kai rabi, wayar ta ɗau zafi kamar dutsen guga. Ya yi mata fifita da kwali, bai yi ba. Ya ɗora ta a gaban fanka, bai yi ba. Da ya ga Mai Kemis ya juya baya yana auna wa wata mata maganin ruwa, sai ya lallaɓa ya cusa ta cikin firij ɗin allurai.

Bayan rabin awa Mai Kemis ya fito riƙe da wayar da yatsa biyu.

"Wane likita ne ya rubuta wannan?"

Wayar ta yi sanyi ƙalau, amma gilashin ya yi raɓa ta ciki, ba a ganin komai sai hazo. Dogo ya kwance bayanta ya busar da ita da na'urar busar da gashi ta shagon Janar, yana yi yana cewa bai taɓa ganin waya ta yi zazzaɓi da mura a rana ɗaya ba. Sai wajen ƙarfe uku ta farfaɗo.

Ƙarfe huɗu shago ya cika. Ba benci, don haka kowa a tsaye, wasu sun leƙo ta taga. Mai Kemis ya jingina da bakin ƙofa inda zai iya hango kantinsa. Janar ya hau kujerar askin da ta rage, ya taka ta ta ɗaga sama, ya taje gashin baki. Dogo ya haɗa wayar da talabijin.

Da sojan Janar ya bayyana a allo, kowa ya miƙa wuya. Sulken yana walƙiya tun daga kwalkwali har takalmi, takobi yana fitar da harshen wuta. Janar ya juya shi hagu, ya juya shi dama, don na taga ma su gani.

"Ku kalla da kyau. Daga yau sai dai a ba jikoki labari."

Zagayen farko an ajiye shi a cikin wani ɗaki na rusasshen gari. Dogo ya ce ya fita fili tukuna kafin ya kira giwa. Janar ya ce janar ba ya tafiya a ƙasa. Ya danna. Giwa ta bayyana a cikin ɗakin, ta cika shi maƙil, shi yana kanta, kansa yana gogar rufi. Ya tura ta ƙofa, kai ya fita, kafaɗu suka ƙi. Ya ja ta baya, haure ya maƙale. Hasken sulken kuwa yana fita ta taga kamar an kunna fitilar mota, ko makaho ya san inda yake.

Mai Kemis ya shigo ta tagar baya da sandarsa. Ya tsaya a bayan giwa inda takobi ba ya kaiwa, ya shiga ƙwala wa Janar a ƙeya, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Mutane suka fara ƙirgawa tare. A na ashirin da uku sojan zinariya ya sulalo ƙasa.

"Ɗumama jiki nake yi," in ji Janar. "Kuma magina garin nan ba su san aikinsu ba."

Zagaye na biyu ya bar giwa ta huta. Ya ce takobi kaɗai ya isa. Ya shiga tsakiyar wani fili mai busasshiyar ciyawa har ƙugu, ya tsaya, ya ce bari ya nuna musu yadda ake kaɗa shi. Ya kaɗa sau ɗaya, ciyawar gabansa ta kama. Ya juya a firgice, ta bayansa ma ta kama. Sulken zinariya nauyi gare shi, gudun ma tafiyar mai ciwon ƙafa ce. Lokacin da allo ya rubuta cewa Mai Kemis ya ci, Mai Kemis ba ya ma wurin. Ya tsallaka kanti yana ba wani yaro canji. Da ya dawo sai da ya tambaya me ya faru.

"Ka ci," in ji mai faci.

"Da me?"

"Da haƙuri."

Janar ya share gumi. Hannunsa ya kai kan gashin baki ya sauko. Saura zagaye ɗaya a gama da shi, kuma ya ga mai wanki ya fara duba kilifa yana gwada makunninta.

A zagaye na uku abin ya juya. Ya kira giwa a fili, ya rasa yadda ake tsayar da ita, ta yi ta gudu da shi tana zagaye wani tudu. Mai Kemis yana laɓe a bayan dutse yana jiran ta wuce, sai ta yi tuntuɓe ta zauna a kansa. Zama ɗaya, rai ya fita.

Janar ya diro daga kujera ya zagaya shagon hannu a sama.

"Kun ga dabara? Tun jiya na tsara wannan zaman. Malam Mai Kemis, ina sandar? A kawo masa ruwa."

"Giwa ce ta ci, ba kai ba."

"Giwar wa?"

Mai Kemis ya gyara tabarau ya sunkuyar da kai kan wayarsa.

Zagaye na huɗu Janar ya shiga da ƙarfinsa, kuma a gaskiya kayan sun yi aikin kuɗinsu. Sara ɗaya ya yi a iska, gefen wutar ya lashi Mai Kemis, kashi uku cikin huɗu na ransa ya tafi. Sanda ta sauka a kan sulke sau biyar, ko gezau. Har Dogo ya ce wannan kam zalunci ne. Janar ya matse abokin karawarsa a lungu, ya ɗaga takobi, ya juyo ya ce wa jama'a su buɗe ido.

Sai filin yaƙin ya ɓace. Talabijin ya yi baƙi, waya ta hau ruri, wani suna ya fito da manyan haruffa yadda na taga ma suka karanta: BABBAR KOTU.

"Wace ce Babbar Kotu?" in ji dattijon bokiti.

"Wani abokin kasuwanci ne."

Ya katse. Kiran ya dawo. Ya katse. Sai saƙo ya sauko daga saman allo, mai faci ya karanta da ƙarfi don amfanin waɗanda ke baya.

"Na ga kujerarka da bencinka a shagon mai kayan gwanjo."

Wani ya sauko.

"Mai leshi ta zo karɓar kaya, ina son hoton awonta. Turo min yanzu."

Wani kuma.

"Bari ma, ga ni nan zuwa."

Janar ya shiga dannawa ko'ina don ya kori saƙonnin. Ya share sama, ya share ƙasa, akwatuna suna buɗewa suna rufewa. Wani maɓalli mai ruwan zinariya ya fito da hoton ƙunshi a jikinsa. Dogo ya ce, "Kar ka taɓa wannan." Janar ya riga ya taɓa. Wasan ya tambaya ko ya tabbata. Dogo ya ce, "Ka ce a'a." Janar, wanda a rayuwarsa bai taɓa karanta abin da waya ta tambaye shi ba, ya danna e.

Filin yaƙi ya dawo. Sojan Janar yana tsaye a lungu daga shi sai gajeren wando, hannu a sama, ba takobi. A gabansa sojan Mai Kemis yana walƙiya tun daga kwalkwali har takalmi, giwa tana kaɗa kunne a gefensa.

"Me ya faru?" in ji Janar, muryarsa ta siranta.

"Kyauta ka yi masa," in ji Dogo. "Duka. Akwai wurin aika wa abokin wasa tukuici, shi ka danna."

Shagon ya kece da dariya har mai wanki ya zauna a ƙasa. Mai Kemis ya kalli wayarsa ya daɗe. Kowa ya zaci zai tuɓe kayan ya ɗauki sandarsa, mutumin da ya kwana huɗu yana wa'azi a kan sayen nasara. Sai aka ga sojansa ya dafa ya hau giwa. Taku ɗaya ta yi a kan sojan Janar, gasa ta ƙare.

Daidai nan jama'ar bakin ƙofa suka dare, matar Janar ta shigo da tef ɗin awo a wuya. Ta dubi inda benci yake a da, ta dubi talabijin, ta miƙa hannu. Ya ba ta wayar. Ta buɗe wurin hotuna, ta tarar da hoto ɗaya tak, na giwa.

"Ina awon mutane?"

"Wato, ita waya, in ta cika..."

"Awon mutum arba'in da ɗaya. Da samfurin da na yi shekara biyu ina tarawa."

Babu wanda ya yi dariya yanzu. Dogo ya yi gyaran murya ya ce akwai wata na'ura a wurin wani abokinsa da kan dawo da abin da aka share, in an yi sa'a, amma sai an ba shi kwana uku.

Ta ce, "To." Sannan ta ga kilifa a hannun mai wanki. "Wannan fa?"

Aka yi mata bayanin gasar. Ta saurara har ƙarshe, ta karɓi kilifar, ta nuna wa mijinta kujera. Ya zauna. Ta yafa masa ƙyallen aski ta ɗaure a wuya, ɗaurin da ya sa ya yi tari.

"Wace ce Babbar Kotu?" ta tambaya a hankali, don ta ga sunan a kan saƙonninta a wayar.

"Girmamawa ce."

Ta kunna kilifa. Hannun tela ne, bai karkace ba. Ta ɗauke ɓangaren hagu tas, daga ƙarƙashin hanci zuwa gefen baki, ta kashe, ta hure.

"Saura ɗaya gefen," in ji mai faci.

"Ranar da hotuna suka dawo. In ba su dawo ba, haka zai zauna."

Mai faci ya ce sharaɗin gasa duka ne. Dattijon bokiti ya ce kotu ta riga ta yanke, kuma babu ta sama da ita.

Litinin da safe Janar ya buɗe shago da takunkumi a fuska, ya ce mura yake yi. Da ya ga layin ya yi shiru, ya tsallaka kemis. Mutum uku suna tsaye a gaban kanta suna jira, Mai Kemis ya sunkuyar da kai a kan waya, ana jin kukan giwa.

"Maƙwabci," in ji Janar, "kayan nan kuskure ne. Ka dawo min da su."

"Na duba. Kyauta ba ta komawa, haka kamfanin ya tsara."

"Ka duba da kyau?"

"Ban duba sosai ba." Bai ɗago ba. "Ka san tun jiya sau goma sha bakwai na ci a jere? Ashe in ka riƙe kunnenta na hagu tana juyawa."

"Kai ne fa ka ce kasuwa ce."

"Na sake nazarin maganar. Tana da fuska biyu."

Wata mata ta ƙwanƙwasa kanta ta ce ita maganin ciwon kai take so. Mai Kemis ya ce ta ba shi minti ɗaya, yana tsakiyar wani gari.

Janar ya koma shago ya tarar da kwastoma yana jira a tsaye. Ya zaunar da shi, ya yafa masa ƙyalle, ya kunna kilifa. Takunkumin ya zame, kwastoman ya ga abin da ke ƙarƙashi ta madubi, ya yi ƙoƙari ya kalli wani wuri.

"Ka ga wasannin nan na yanzu," in ji Janar yana gyara takunkumi, "an lalata su. Kowane mai kuɗi ya sayi giwa ya zo yana taka mutane. Ni shi ya sa ka ga da hannuna na bayar da tawa. Mu da muka iya, sanda ta ishe mu."

"To yanzu da sandar kake bugawa?"

"Wayar tana wajen gyara."